Fulas ɗin da na ƙi bayarwa

Wata rana, yau kwana tara ke nan, na sayo sabon fulas a kasuwa. Tun daga nan ban sake cin abinci na ji daɗinsa ba.

Washegari da safe 'yata Rumasa'u ta cika shi da tafasasshen ruwa za ta kai wa babanta. Tana tallafo shi, gindinsa ya ɓalle.

Bai faɗi ba. Ba ta buga shi da komai ba. A gabana aka yi.

Ruwan duk a hannunta na dama ya ƙare.

Rumasa'u lalle take yi wa amare, da hannun nan take sana'a. Likita ya ce yatsu biyu sai dai mu yi ta addu'a.

A asibiti wata dattijuwa mai jinyar jikarta ta matso kusa da ni. Ban san sunanta ba har yau. Ta tambaye ni ina abin da ya ƙona yarinyar, na ce yana gida, mai shagon ma ya aiko zai canza mana da sabo.

Sai ta janye mayafinta. Tabo tun daga wuya har kafaɗa.

Ta ce ita risho ne ya fashe mata. Ta mayar wa waɗanda suka sayar mata, suka ba ta sabo, har godiya ta yi. Da ɗanta ya je wajen lauya aka ce ina rishon, sai suka rantse ba su taɓa sayar da irinsa ba.

Ta ce, "Ɓoye shi kamar zinarenki."

Shekaranjiya sai ga mai shagon da dattawa biyu, wai jaje. Ga lemo, ga sabon fulas har biyu.

"Hajiya, ƙaddara ce. Kawo tsohon mu mayar wa kamfani."

"Na yarda da ƙaddara, Alhaji. Amma ƙaddara ba ta da kamfani. Wannan yana da shi, ga sunansa nan a jikin kwali."

Wallahi ban ba su ba.

Maigidana ya ce na kunyata shi. Masallacinsu ɗaya da mutumin, kuma wai matan gidanmu ba sa shiga kotu. Ya ba ni zuwa Juma'a in fito da shi.

Ni ko na naɗe shi a zani, da kwalinsa da rasit, na kai ƙasan akwati na kulle.

Jiya na bi ta gaban shagon. Irinsa suna nan jere a kan kanta, wata mai goyo tana tayawa.

Darasi: in kaya ya ji miki rauni, kada kunya ta sa ki miƙa shaidarki don an kawo miki sabo. Ajiye shi, ɗauki hoton ciwon.

Don Allah ku tura wa duk uwar da kuka sani.

Ni a aji shida na tsaya, ban san ƙofar lauya ba, ban san mai shago ake kai ƙara ko kamfani ba. Jibi Juma'a. Fulas dai ba zai fita daga ɗakina ba.

'Yan uwa, ina zan fara zuwa?