Goggo Zazzage da Kwandunan Lemu

Ƙanwar mahaifina ce. Mu a gida Goggo muke ce mata, amma a kasuwa idan ba ka ce Zazzage ba, babu mai nuna maka rumfarta.

Kakanmu ya rasu ya bar gonar lemu, bishiya ɗari da 'yan kai, da rijiya a tsakiya. Shekara bakwai Baba yana sayar wa wani dillali lemun tun yana ɗanye a kan bishiya. Mutumin zai zagaya gonar da hannu a baya, ya taɓe baki, ya yanka farashin da ya ga dama. Abin da ake samu ko taki da feshi ba ya isa. Da wani mai buga bulo ya zo neman filin, sai Baba ya ce a sayar kowa ya huta. Ni ma na goyi bayansa, ba zan ɓoye ba, don motar ɗaukar kayan da nake tuƙawa ta gaji, kuma na riga na gama sayen sabuwa a zuciyata.

Goggo ce ta ƙi. Ba ta daɗe da ajiye aikin girki a wata makarantar kwana ba, ta zo ta zauna gaban Baba ta naɗe ƙafa.

"Yaya, ka bar min lemun bana. Idan gonar nan ba ta riƙe kanta ba, ni da kaina zan riƙe wa mai bulo igiyar awo."

"Ke da ko allura ba ki taɓa sayarwa ba?"

"Amma shekara ashirin ina saye. Na san abin da ke ƙona ran mai saye."

Ta sani kuwa. Duk mai lemu a kasuwa yakan jera manya masu sheƙi a saman kwando, ya cusa ƙanana da masu tabo a ƙasa, sai ka je gida ka ga ta'asa. Goggo ta kori dillali, ta jira lemu ya nuna, ta sa aka tsinke shi da hannu maimakon kaɗowa da sanda. Ta ware shi kashi uku: manya na masu shaguna, matsakaita na magidanta, masu tabon fata kuma na masu matse ruwan lemu, don su zaƙi suke nema, ba kyan fuska ba. Kowane kwando ta ɗaura masa takarda mai lambar wayarta. In mai saye ya nuna kwando, kafin ya taya sai ta shimfiɗa buhu ta zazzage shi kaf a gabansa, ta yanka ɗaya daga na ƙasa ta miƙa masa.

Maƙwabtan rumfa suka yi ta dariya. "Zazzage, yau ma wankan lemun za a yi?" Ita kuwa ko a jikinta. Makonni biyu na farko ciniki bai taka kara ya karya ba, Baba kuma kullum sai ya tambaye ni, da murmushin nan nasa, ko an zazzage lafiya.

Ranar da ba na son tunawa ita ce ranar da wata mai gidan abinci ta zo, mace mai rassa uku a gari, wadda duk 'yan kasuwa ke zawarcin cinikinta. A gona da safen ranar kwando ɗaya ya rage bai cika ba, Goggo kuma ta riga ta yi gaba. Ni, uban 'yan wayo, na tattara na ƙasa waɗanda iska ta kakkaɓo na zuba, na rufe da manya. Wa zai sani? A kasuwa kuwa, matar nan ta wuce duk kwandunan gaba, ta nuna wannan ɗin.

Goggo ta shimfiɗa buhu ta kife shi. Wayyo! Ruɓaɓɓu suka gangaro har gaban takalmin matar, ɗaya ya fashe. Ni dai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Goggo ba ta ce tsautsayi ne ba. Ta dube ni sau ɗaya, sannan ta ce wa matar, "Wannan aikin ɗan wana ne, ga shi nan tsaye. Laifina kuma shi ne ban duba ba. Zo nan, ɗan nema, zazzage sauran duka ta gani."

Kwando goma sha tara na kife da hannuna, gumi yana zuba, 'yan rumfa suna kallo. Babu ruɓaɓɓe ko ɗaya. Matar ta tsuguna tana jujjuya lemun, can ta ce, "Ni a nan kasuwar ba a taɓa nuna min gindin kwando ba sai yau." Ta cire takardar lambar waya ta jefa a jaka.

Daga makon nan motata ta fara zagaya rassanta uku da kwandunan lemu. Masu matse lemu suka biyo, sai wayar Goggo ta koma ƙara tun da safe. Kafin lemun ya ƙare, maƙwabtan da ke mata dariya sun fara shimfiɗa buhu, don masu saye sun koyi cewa, "Zazzage min in gani."

Baba bai taɓa cewa ya janye maganar sayarwa ba, ba halinsa ba ne. Da damina ta faɗi, na kai Goggo gona, muka hango shi bayan rijiya ya tuɓe riga yana haƙa rami, ga dashen lemu goma sha biyu jere a gefensa. Bishiyar da sai ta shekara huɗu kafin ta ba da ɗa!

Goggo ta tsaya ta daɗe tana kallonsa, ta goge ido da bakin mayafi. Sannan ta ƙarasa ta leƙa ramin.

"Yaya," ta ce, "ƙara zurfi."