Tantabarun Baba

Ba banki nake jin haushi ba. Banki bai taɓa cin tuwon gidanmu ba. Wanda nake jin haushi shi ne Alhajin da muke katanga ɗaya da shi a Birnin Kudu, aminin Babanmu, wanda kullum bayan magariba suke sa hannu a kwano ɗaya a zaurenmu. Shi ya ba Baba shawarar ya jinginar da takardun gida ya karɓo rance ya sayi riɗi. Farashin riɗin ya faɗi warwas, Baba ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Da kotu ta ce a sayar da gidan, wanda ya saya shi ne Alhaji. Wai gara shi da bare.

Ana saura kwanaki mu tashi ya shigo da magini, suna auna ɗakin Baba da igiya, Inna tana zaune tana kallo. Sai ya ɗaga kai ya ga tukwanen tantabaru a jere a jikin katanga. Baba ya fi son tsuntsayen nan a kan shayinsa na safe, shi yake watsa musu gero da hannunsa.

"Waɗannan kada ku wahalar da kanku," in ji Alhaji, har da murmushi. "Ko Gwaram kuka kai su, nan za su dawo. Zan riƙe muku su amana."

Amana! Na ji kamar in shaƙe shi da igiyar awon. Abin da ya fi ƙona mini rai, gaskiya ya faɗa. Tantabara ba ta barin inda ta saba. Ya cinye gidan, yanzu tsuntsayen ma za su kawo kansu kyauta.

Ranar tashi na toshe bakin tukwanen tun kafin tantabarun su fita, na wasa wuƙa. Inna ta ce, "Kai, ka ji tsoron Allah, me suka yi maka?" Na ce, "Inna, ki shiga ɗaki." Ɗaya bayan ɗaya na yanka su, ina bisimilla. Ƙannena mata suka fige suka soya. Na bi unguwa gida gida da kwano, ina cewa sadakar Baba ce, daga gidan da amininsa ya fitar da mu. Ban rage murya ba. Na Alhaji kuwa na zuba masa kawuna da ƙafafu, na rufe da murfi mai kyau, na ajiye a ƙofar zaurensa. Sannan na ɗauki taɓarya na farfasa tukwanen. Har yau ban yi nadama ba, kuma kada wani ya zo mini da wa'azi.

Muka loda kaya a a-kori-kura zuwa Basirka, gidan ƙanen Inna, inda aka ba mu ɗaki kusa da turken awaki. Wajen sauke kaya na ji kuka daga cikin kwandon da Inna ta rungume tun daga Birnin Kudu. Ashe ta ɓoye biyu, fara da mijinta mai koren wuya, waɗanda suke sauka a kafaɗar Baba. Na dai fige musu gashin fiffike, na ce in sun isa su tashi.

Inna ta yi ta kiwonsu a cikin keji har gashin ya fito. Wata safiya na dawo daga masallaci na tarar da kejin a buɗe, tana tsaye a tsakar gida tana kallon sama.

"Inna, wa ya buɗe?"

"Ni ce."

"Kin san wurin wa za su!"

"Ba wurinsa za su ba," ta ce. "Gida za su. A bar wani a cikinmu ya kwana a can."

Yanzu in aiki ya kai ni Birnin Kudu, nakan sa mai babur ya bi ta layinmu. Alhaji ya rushe ɗakin Baba ya ɗora bene. Tantabaru sun hayayyafa, sun cika rufin, sun ɓata masa fenti da kashi tun daga sama har ƙasa. An ce ya sa an kore su ya gaji. Nakan yi addu'a Allah ya ƙara musu yawa da ƙoshin ciki. Inna kuwa ba ta taɓa tambayar benen ba. In na koma Basirka, tambayarta ɗaya ce, ko na ga farar.