Zakaran da Na Musanya da Kaset ɗin Gem

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, bayan la'asar, aka kawo wuta a unguwarmu, Limancin Kona. Mu uku ne a ɗakin babana: ni, da kakata, da ɗan maƙwabcinmu wanda ubansa ke fataucin Legas. Zakarana yana ɗaure a bakin ƙofa.

Bari in ba ka labarin a tsare. Kawuna ya bar mini tsohuwar na'urar gem, irin wadda ake jonawa da talabijin, amma babu kaset ko ɗaya. Babana ya ce sisinsa ba zai shiga wasa ba. Sai kakata ta ba ni kaza ta ce in yi kiwo. Damina guda na yi ina korar shirwa, ina tono wa 'yan tsaki gara. Ɗaya ne kawai ya kai zakara, ja, mai wuya. Shi ne dukiyata gaba ɗaya, kuma yaron nan ya daɗe yana kwaɗayinsa.

Ya zo da kaset ruwan ɗorawa, an rubuta a jikinsa wai wasanni ɗaruruwa ne a ciki. Ya hura masa iska, ya cusa, sunaye suka jeru a talabijin. Na miƙe zan kwance zakara in ba shi.

"Zauna, maigida," in ji kakata, tana ɓarar gyaɗa. Haka take kirana in za ta tsokane ni. "Haka za ka riƙa sayo mini dawa? Ka ga saman buhu ka biya?"

"Iya, ai wannan ba hatsi ba ne," in ji yaron. "Kayan waje ne."

"Su can ba su iya algus ba? Kai mu ƙasan buhun."

Ya yi ta latsawa har yatsansa ya gaji. Muka buɗe na ƙarshe, sai ga wasan farko, launi kawai aka sauya. Na tsakiya ma shi ne. 'Yan ƙalilan aka yi ta maimaitawa. Shi kansa yaron bai taɓa sani ba.

"Mayar da zakaranka akurki," in ji kakata.

Yaron ya fita da gudu. Ya dawo da na ƙwallo da na tseren mota, ya haɗa da na farkon. A haka muka yi musaya. Ranar har dariyar babana na ji daga zaure.

Daga nan na kafa doka. Uwar kaza ba ta sayarwa ba ce. Kaset ba ya shiga hannuna sai an gwada shi har ƙasa. Wanda na ƙure, in musanya shi. Kafin in gama sakandare na cika babbar kwallar kakata da kaset, har daga Ƙofar Gayan ake zuwa aro.

Yau 'ya'yana su sauke wasa a waya da safe, su goge kafin azahar, ba su ko san sunansa ba. Don haka ina roƙonka: in akwai tsohon kaset a ƙarƙashin gadon gidanku, kada ka ba 'yan gwangwan. Ka goge shi, ka zaunar da ɗanka, ka gaya masa abin da ka rabu da shi kafin ka same shi.