Kabad ɗin da Ba Ya Fita ta Ƙofa

Makon jiya mai fenti ya zo gidana a nan Nguru, don uwargida ta matsa sai an sake wa falo launi. Yana buɗe gwangwanin fenti mai mai, ya tsiyaya kananzir yana juyawa da kara, sai na ji bayana ya amsa. Ba wasa nake yi ba. Wasu in sun ji warin fenti Salla suke tunawa, ko ɗakin amarya. Ni kuwa ɗaga kaya nake tunawa, da laka a tsakanin yatsun ƙafa, da muryar mahaifiyata tana cewa a yi a hankali, gilashi ne.

A Gashuwa na tashi, a wata unguwa da ke gangare kusa da kogi. In ba ka taɓa zama a irin wannan wuri ba, za ka ɗauka ta ƙofa ruwa yake shigowa. Namu ta ƙasa yake fara zuwa. Ƙarshen damina, in kogi ya cika ya tumbatsa, sai ka tashi da safe ka ga daɓen ɗaki ya yi duhu, ka taka ka ji sanyi, ba a jimawa ya fara tsattsafowa. Bango ma ya sha ya ƙoshi. In rani ya shigo sai ya riƙa fitar da wani farin gari kamar kanwa, shafen ya kumbura ya ɓare. Haka muka buɗe ido muka ga gidan, ba mu san akwai waɗanda ba sa wannan fama ba.

Kakata, mahaifiyar Baba, ta daɗe da sasantawa da kogi. Duk abin da ta mallaka a rataye yake. Ƙorenta suna cikin ragaya, tufafinta suna cikin adudu, adudun ma an ɗaure shi da igiya a jikin azara. In ruwa ya zo sai ta kwance kayanta, mu ɗauka a ka mu haura tudu gidan ƙaninta, in ya janye mu dawo. Ba ta taɓa asarar ko ludayi ba, kuma ba ta taɓa barin kowa ya manta da haka ba.

Inna kuwa, wato mahaifiyata, jere gare ta. Kwalla da samira da langa da fanteka, wasu na aurenta, wasu ta tara da sana'ar ƙosai, ta jera su a kan tebur tun daga manya har ƙanana. Kowace shekara sai an kwashe su zuwa tudu, kuma kowace shekara sai wani ya dawo a loɓe ko fentinsa ya tashi, don mu yara ne, hanya kuma santsi. Ba ta duka a kan haka. Sai ta riƙe kwanon tana shafa wurin da yatsa. Da duka ta yi da ya fi mana sauƙi.

Baba fataucin kifi banda yake yi. Yakan kai Nguru a loda a jirgin ƙasa zuwa Kano. A can Nguru, a gidan wani ma'aikacin jirgi, ya ga kabad mai ƙofofin gilashi, kwanuka a ciki suna walƙiya, babu ƙura babu kyankyaso. Baba mutum ne da bai iya lallashi da baki ba. In yana son ya faranta wa mutum rai, sai ya je ya yi abin da ya fi ƙarfin gidan gaba ɗaya. Ya dawo ya ɗauko wani kafinta ɗan Kudu, Kirista, wanda ya daɗe a Gashuwa har yana tsokanar mutane da Badanci, yaren 'yan garin. Kafintan ya auna ƙofar ɗakin Inna, ya auna girman da Baba yake so, ya ce wannan ba zai shiga ba, sai dai a shigo da katako a haɗa shi a ciki. Baba ya ce a haɗa.

Kaka tana zaune a bakin ƙofarta tana jin su. Ta ce wa Baba, "In ruwa ya zo, wa zai ɗauke shi a ka?"

Baba ya ce ai ba sai an ɗauke shi ba, za a yi masa ƙafafu dogaye, ruwa ya wuce ta ƙarƙashi.

"To," in ji Kaka. "Kun yi baƙon da ba ya tafiya."

Gaskiya dai kabad ɗin ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya cika bango guda, katakonsa ja mai nauyi, yana ƙamshin sabon katako da gam. Ranar da Inna ta jera kwanukanta a ciki ta rufe gilashin, matan unguwa suka yi ta shigowa kallo, har da waɗanda ba sa ga-maciji da ita. Na ga fuskarta a ranar, ban taɓa ganin ta haka ba, kamar an rage mata shekaru. Baba ya zauna a zaure yana yi kamar bai san abin da ake yi ba, amma duk wadda ta fito sai ya ɗaga kai ya ji me za ta ce. Ni ma na so kabad ɗin a lokacin, har nakan kira abokaina su leƙa ta taga.

Daminar farko ruwa ya wuce ta ƙarƙashi kamar yadda aka ce. Ta biyu ya kamo ƙafafun ya fara lasar ƙasan katakon. Aka ce a haura tudu, Inna ta ce mu je, ita tana nan. Ta ɗaure zane a gwiwa ta ɗauki tasa tana kwalfar ruwa tana watsawa waje. Daga wannan shekarar ba ta sake hawa tudu ba.

Sai aka shiga sa masa bulo. Ga yadda ake yi. A fitar da kwanuka duka, a cire gilasai a jingine a kan gado a lulluɓe da bargo, Baba da maƙwabta su zura taɓarya a ƙarƙashi su danna, mu kuma yara mu kwanta a laka mu tura bulo a ƙarƙashin kowace ƙafa, muna addu'a kada hannun wani ya zame. In rani ya yi kuma sai a yi ciko. Unguwa duka ciko take yi, kowa yana zuba yashi da ɓaraguzai a daɓensa don ya tura wa maƙwabcinsa ruwa, in ba ka yi ba ɗakinka ya zama tafki. Kowane ciko sai an sake ɗaga kabad. Daɓe yana hawa, rufi yana nan inda yake. Ƙofar da Baba yake shiga a miƙe ta koma sai an sunkuya, gadon ƙarfen Inna ma sai da aka cire masa rumfa.

Bayan ciko sai fenti. Baba yakan shafe bango daga ƙasa zuwa ƙugu da fenti mai mai, wai yana hana danshi. Ba ya hanawa, amma Baba bai taɓa yarda ba. Mu ne masu kankare na bara da guntun kwano har yatsunmu su yi kanta. Abin da ya rage a gwangwani Inna takan karɓa ta shafe kabad ɗinta, don kada ruwa da gara su sami hanya. Launi kuwa duk wanda aka samu a kasuwa. Wata shekara kore, wata shuɗi, akwai shekarar da ya zama ruwan ɗorawa har Kaka ta ce ya yi kama da motar haya. Jan katakon ya ɓace a ƙarƙashin shafe bisa shafe, aljihunansa suka liƙe sai an sa wuƙa.

Na gaji da kabad ɗin nan tun ban kai ga aske gemu ba. Ina faɗa maka ne kai tsaye. Yaran wasu gidajen suna kogi suna kamun kifi, mu muna kwance a ƙarƙashin katako.

Kaka ta rasu, bayan wasu shekaru Baba ya bi ta. Ƙannena mata suka yi aure, maza suka watse neman abinci, ni aiki ya kawo ni Nguru. Inna ta rage ita kaɗai a gidan. Ita ce mai toshe tsaga da laka kafin ruwan farko, ita ce mai share indararo, ita ce mai jera buhunan yashi a bakin ƙofa. In bango ya jiƙe sai ta hura gawayi a kasko ta ajiye a gindinsa ya bushe. Ni kuma kowace damina in na ga kiranta a waya na san abin da zan ji, cewa ƙasa ta fara duhu. Sai in nemi izini a wurin aiki in hau mota, in je in nemi samari in biya su mu ɗaga. Ina da furfura ina tura bulo.

Da Allah ya hore mini na gina nawa gidan, na ware wa Inna ɗaki da banɗaki a ciki, na sa tayil da fanka da katifa mai kyau. Ta zo ta gani, ta sa albarka, ta koma. Na yi magana, ƙannena suka yi, limamin unguwa ma ya yi, a banza. Ana nan sai bangon gabas na ɗakinta a Gashuwa ya tsage tsagar da hannuna yake shiga, gwiwoyinta kuma suka kumbura har tana salla a zaune. Abin ya hana ni sukuni, don na san in bangon nan ya zo, a kanta zai zo. Na je na tsugunna a gabanta na roƙe ta. Ta ce ta yarda, amma sai kabad ya riga ta tafiya.

Na yi murna, na ce wannan mai sauƙi ne. Tsohon kafintan ya daɗe da komawa garinsu, sai na kawo wani ya kwance shi gaɓa-gaɓa mu haɗa a Nguru. Ya taka kujera ya leƙa sama, ya daɗe, sannan ya ce in hau in gani da idona. Na hau. Kan kabad ɗin ya manne da rufi, ko wuƙa ba ta shiga tsakaninsu. Babbar azarar tsakiya ta lanƙwasa ta kwanta a kansa, har ta nutse cikin fenti. Shekara da shekaru muna ɗaga shi, rufi yana saukowa, ashe sun daɗe da haɗuwa. Duk wanda ya zare katako ɗaya, ɗakin zai rufto masa.

Na sauko na faɗa wa Inna a hankali, ina tsoron yadda za ta ji.

"Na sani," ta ce. "Tun ɗagawarku ta ƙarshe ta sauka a kansa."

Na ce to me ya sa ta ce sai ya riga ta tafiya?

"Na ce ko za ka gaji ka ƙyale ni."

Na ce mata na gaji ɗin, gajiyar da ba ta sani ba, amma ba zan ƙyale ta ba. In ta zauna, zan ɗauko tabarmata in shimfiɗa a ƙarƙashin azarar nan in yi damina tare da ita, aiki ya tafi inda zai tafi. Ta dube ni. Ta san ɗan wanda nake, ta san zan aikata. Washegari ta sa aka kawo buhuna, ta naɗe kowane kwano da tsumma da hannunta. Da kabad ya zama fanko ta goge gilasan ciki da waje, ta rufe, ta kulle. Ba don kanta ta fito ba, don ni ta fito, kuma duk mun san haka.

Yanzu tana nan wurina. Kwanukan suna cikin buhunansu a kusurwa, ta ce kada a kwance. Uwargida ta saya mata sabon kabad na zamani, irin wanda ake kawowa a kwali a ɗaure da kusoshi, mutum biyu sa ɗauke shi da hannu ɗaya-ɗaya. Yana tsaye babu komai a ciki. Kayan yanzu ba sa neman komai a wurinka, in sun lalace ka yar ka sayi wani, kuma ni ban ga laifin haka ba, na sha wahalar wancan. Amma in hadari ya haɗo sai in ga Inna ta miƙe tana dube-dube a ɗaki, babu tsagar toshewa, babu abin ɗagawa, sai ta koma ta zauna ta ɗora hannuwa a cinya.

Daminar bara maƙwabcinmu na Gashuwa ya kira ni da hantsi, ya ce ɗakin ya faɗi. Bangon gabas ne ya fara zubewa, daidai inda gadonta yake, rufin ya biyo baya. Na yi hamdala har sai da hawaye ya zo mini. Na shiga wurinta da sauri, na durƙusa na ba ta labari, ina jiran ta ce Allah ya kiyaye, ko ta ce na yi gaskiya.

Ta tambaye ni ko an share indararo kafin ruwan. Na ce ban sani ba, babu kowa a gidan.

Ta gyaɗa kai. "Da ina nan da bai faɗi ba."

Na buɗe baki zan yi musu, sai na rasa ta inda zan fara, don duk tsawon rayuwata tana nan, kuma bai faɗi ba.