Wadda Ta Tsaya Bayan Maigidana

Maigidana ɗan sanda ne mai gabatar da ƙara. Aikin da ya yi ke nan a kotunan Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi har ya yi ritaya, ba da jimawa ba bayan an ƙaddamar da Shari'a. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida yana jiran 'yan hira, shiru. Gaisuwa dai ana yi masa, amma daga tsallaken hanya, kuma ba a rage sauri. Rannan ya shigo ya ce mini zai tsaya takarar kansila.

Na ce, "Malam, kansila kuma? Wa ya roƙe ka?"

Ya ce ba kowa, so yake ya san matsayinsa a garin nan. Sannan ya rantse, in ranar zaɓen fid da gwani ba a samu ko mutum ɗaya wanda ba danginmu ba ya tsaya bayansa, sayar da gidan za a yi mu koma Gusau. A gidan nan na haifi 'ya'yana duka, mahaifiyata kuma tana bayan katangarmu, idonta ya tafi, ni ke miƙa mata tuwo. Na kuma san mutumina, in ya rantse ba ya tambayar yadda ake kaffara.

Allah ya ba shi abin da 'yan siyasa ke so, ba ya manta fuska. Matsalar ita ce inda ya san fuskokin. Sai ya shiga kasuwar hatsi ya miƙa wa mutum hannu da fara'a, a gaban surukin mutumin, ya ce: "A'a, ai na san ka! Kai ne na maganar buhun geron tashar jirgi. Ya yara?" Wani bawan Allah ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ina tare da kai." Ya ce, "Wa ke shaida? Maimaita a gabansa." Da 'yan unguwa suka roƙi rijiyar burtsatse, ya ce ba ya alkawarin abin da ba shi da hujja a kai. Abokin takararsa kuwa, wani dillalin shanu mai cin kasuwar Moriki, tuni ya yi alkawarin rijiyoyi, har da dawo da jirgin ƙasa.

Gidajen mata aka bar mini, tunda namiji ba ya shiga. Lokacin an hana mata hawa baburan kabu-kabu, don haka da ƙafa na zagaye mazaɓar. Matar dillali tana shiga da sabulu da gishiri. Ni da bakina kawai nake shiga, don Malam ya ce sabulu rashawa ne. A shimfiɗa mini tabarma, a ba ni ruwa, a ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Kowa ya san abin da wannan addu'ar ke nufi.

A hanyar masallacinmu akwai gidan wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli. Ta bar ni na gama jawabina tsaf, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, kin san ko wane gida kika shigo?" Ashe ɗanta ne mai sayar da rake a ƙofar gidan. Malam ne ya gabatar da ƙararsa kan wani rago da ya ɓace, aka kai shi gidan yari, ya fito da ƙafa ɗaya a shanye. Wallahi kunya ta kama ni, ga gajiya, sai kawai na fashe da kuka. Na kwashe komai na faɗa mata, rantsuwar da Gusau da mahaifiyata. Ta ci gaba da suyarta. Ko rakiya ba ta yi mini ba.

Zaɓen 'yar tinƙe aka yi, a filin firamare. Ba takarda, ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna. Maza layinsu, mata namu a gefe. Malam ya ƙame kamar yana fareti, ya ƙi waiwayowa. Ni da ke iya gani na gwammace ban gani ba. Ƙannensa ne kawai a bayansa, ɗaya ma yana ta leƙen layin dillali, wanda ya kai har bakin titi. A namu layin daga ni sai matan ƙannen. Na fara tunanin wanda zai riƙa miƙa wa mahaifiyata tuwo.

Sai na ji ƙamshin man gyaɗa a bayana. Na waiga, tsohuwar nan ce, ta tsuke fuska tana kallon gabanta.

Ƙirga namu bai ɗauki lokaci ba. Da aka sanar dillali ne ya ci, Malam ya juyo ya bi mu da ido har ya zo kanta.

"Ke ce uwar na maganar rago."

"Ni ce."

"Inna, akwai dangantaka tsakaninmu, ta jini ko ta aure?"

Ta ce, "Allah shi kiyaye."

Ya dube ni ya ce, "Rantsuwa ba ta hau ba." Ya wuce gida abinsa.

Na bi ta da sauri har zanina na warwarewa, ina Inna na gode, Inna Allah ya saka. Ta tsaya ta ce, "Kar ki gode min. Shi tafi Gusau shi huta? Nan za shi zamna. Duk sad da za shi masallaci shi wuce ta gaban yaron ga, shi ga ƙafar."

Da dare na gaya wa Malam, na ce akwai wata hanyar masallacin ta bayan makaranta. Har ya rasu ta gaban mai raken nan yake bi, ya tsaya ya yi masa sallama, ko an amsa ko ba a amsa ba. Ban kuma sake jin ya ce da shi "na maganar rago" ba.