Ƙarafa Biyu da Yaya Ya Jefar

Yayana ya rasu bara, kwana tara bayan sallar layya. Tun daga lokacin nake ta tune-tune, kuma ba manyan abubuwa ke zo mini ba. Wanda ya fi dawowa shi ne wani gyaran mota da ya yi a shekarar fari na biyu, lokacin soja na mulki.

Ni direba ne a wancan zamanin. Ina jan kat-kat ɗin wani Alhaji ɗan kasuwa, mutumin Maradi da ya zauna Tawa, tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya. Nakan ɗauki hatsi in kai Tebaram, wani lokaci Barmu, in dawo da fatu, don a shekarar fatu ne kaɗai suka yi yawa. Yaya kuwa makaniki ne. Garejinsa rumfar kwano ce da inuwar itacen bedi, kuma shi ke duba duk motocin Alhajin.

Gidanmu ɗaya. Inna ta baro ƙauye, ƙannenta biyu sun biyo ta da iyalansu, tsakar gida duk tabarmi. Kowace tafiya na dawo, Alhaji yakan auna mini 'yan tiyoyin gero, kuma da wannan geron ake dama kunun da ke riƙe gidan. Gareji bai kawo wani abin kirki a shekarar, don mai jin yunwa ba ya gyaran mota. Kowa a gidan ya san makullin da ke aljihuna shi ne rumbunmu.

Wata rana lam ɗin gaba ya karye mini a hanya. Lam su ne ƙarafan nan masu lanƙwasa da ake jerawa, mota ta zauna a kansu. Na lallaɓo har Tawa. Yaya ya kwance na dama da na hagu duka, ya canza wanda ya karye, ya sa maƙeri ya ƙara wa sauran lanƙwasa, ya mayar. Da ya gama ya bugi ƙofar motar da tafin hannu, ya ce, “Ga amaryarka nan, direban gwamna. Ka riƙe ta da mutunci.”

Da na yi lodin buhunan gero na kama hanya, tun kafin in fita gari na ji wani abu ya sauya. Bolan, abin da mutanen Sakkwato ke ce wa sitiyari, ya yi sakayau a hannuna. Da farko har daɗi na ji, na ce gyara ne ya yi kyau. Amma da na kama hanyar daji na ƙara wuta, sai na ga ko numfashi na yi da ƙarfi motar sai ta karkata. In na taɓa dama kaɗan ta zabura dama, in na gyara ta zabura hagu. Na riƙe ta da hannu biyu kamar mai riƙe ɗan akuya.

Bayan mun wuce rabin hanya, ni da mai rakiyar kaya, muka tarar da mushen saniya a tsakiyar turba. Na kauce masa yadda na saba kauce wa irinsa kullum. Motar ta yi tsalle gefe, ta nutse cikin rairayi, buhu biyu suka faɗo suka fashe. Akwai ayarin mutane masu gangarowa kudu da jakunansu. Matansu suka zo, ba wanda ya ce da su komai, suka durƙusa suna tsince geron daga cikin yashi. Suka tara mini abin da ya taru a zane, ni kuma na kasa karɓa.

Ƙanen matar Alhaji na cikin motar, shi ke rakiyar kaya. Da muka dawo ya ce gyangyaɗi na yi. Alhaji ya kira ni gaban kantinsa. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce, “Malam direba, hatsi a wannan shekara ba abin zubarwa ba ne. Ka huta zuwa Lahadi. In mota ce, a nuna mini. In kai ne, akwai masu neman aiki.” Ranar Alhamis ce.

Na kai motar gareji raina a ɓace. Na ce, “Yaya, kai ka lalata ta.” Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya dube ni ta saman tabaransa mai ɗaure da zare, ya ce, “To, sannu da zuwa. Ka sha ruwa tukuna, in ya so ka kashe ni.”

Ya fara daga abu mai sauƙi, haka yake aiki. Ya duba iskar tayoyin gaba, don mai faci yakan cika su har su yi tauri kamar dutse, mota ta riƙa rawa. Ya rage kaɗan. Ya ɗaga gaban da jak, ya kama kowace taya ya girgiza ta sama da ƙasa, dama da hagu, yana kasa kunne. Babu sako-sako. Ya bi kusoshin da ya ɗaure ɗaya bayan ɗaya da sifana. Sannan ya aika gida aka karɓo zaren kaɗi wurin Inna, ya auna tsakanin tayoyin ta gaba, ya ƙulla, ya koma ya auna ta baya. Ya yi haka sau uku. Bakin tayoyin na nan daidai, sun ɗan kalli juna yadda ake so.

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Na ga abin da ke fuskarsa, na ce, “Kai ma kana ganin barci na yi.”

Ya ce, “Ban ce ba. Amma tun kana goye kake barci baki buɗe, Inna shaida ce.”

Ban yi dariya ba.

Ran Juma'a da hantsi ya ce in ja mu zaga. Muka fita bayan gari inda fili yake. Ya ce in sha kwana, na sha. Ya ce, “Saki bolan.” Na ce in saki? Ya ce, “Saki mana, ba ni ne a gefenka ba?” Na saki. Bolan ya tsaya inda na bar shi, motar ta ci gaba da zagaye kamar raƙumin ban ruwa. Ya ce in sake gwadawa ta hagu. Haka dai.

Muka kama hanyar komawa. Can ya ce, “Mota mai lafiya tana son miƙaƙƙiyar hanya, awa jaki da gida. Ka juya ta, ka saki, ta komo da kanta. Wagga ta manta gida.”

A gareji ya jawo keken mai shayi ya tsayar a gabana. Ya nuna mini ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, ya ce in duba, ba a tsaye cak yake ba, ya ɗan jingina baya, shi ya sa ake iya sakin hannu a kan keke. Ya ce gaban mota ma haka ne. Sai ya shiga ƙarƙashinta ya kwanta. Ya daɗe bai taɓa komai ba. Daga inda nake na ji ya ce, “Inna lillahi.”

Abin da ya faru shi ne, ranar da ya kwance lam, ya tarar da wasu 'yan ƙarafa biyu a maƙale tsakanin lam da ƙarfen da ke haɗa ƙafafun gaba, kowanne bai kai tafin hannu ba, gefe ɗaya da kauri, ɗaya siriri. A ƙasarmu ba motar da za ka buɗe ba ka sami cikon wani ba: guntun gwangwani, yankin taya, waya. Yaya ya ƙi jinin ciko. Ya ɗauka aikin wani makanikin hanya ne, ya jefa su cikin tarin ƙarafa yana tsaki. Ashe da su aka ƙero motar. Su ne ke jingina gaban baya.

Tarin ƙarafan kuwa maƙeri ya kwashe tun Talata. Muka tafi maƙera bayan an sauko daga masallaci. Maƙerin abokin wasan Yaya ne, ya gan mu ya ce, “A'a, likitan mota da kansa. Mi ya ɓace?” Yaya ya kwatanta masa. Ya tona cikin buhu ya fito da ɗaya. Ɗayan, in ji shi, ya riga ya zama ƙyastu, wani makiyayi ya tafi da shi arewa. “In kana so ka bi shi, yana kunna taba da motar Alhaji.” Yaya ya zauna a bakin wuta har la'asar, maƙeri na bugun madadin wanda ya ɓace, shi yana gwada sabon da tsohon, yana mayarwa, har kaurinsu ya zo ɗaya.

Ran Asabar muka mayar da su. Na tambaye shi ta yaya zai san inda kaurin ke kallo. Ya nuna mini sawun tsatsa a jikin tsohon, ya ɗora shi a mazauninsa, sawu ya hau sawu. Da muka fita gwaji bolan ya yi nauyinsa na da. Na sha kwana na saki, ya zame cikin tafina ya dawo tsakiya.

Na ce masa mu gaya wa Alhaji wani ƙarfe ne ya kwance a hanya, an ɗaure. Ba wanda zai bincika. Ya ce, “Sai ya ce kai ne ba ka duba motarka kafin tafiya.”

Ran Lahadi, kasuwa ta cika, Yaya ya sa rigarsa ta Juma'a muka je kantin. Akwai mutane zaune a benci, har da wasu masu motoci da ke kai masa aiki. Ya gaisa da kowa, sannan ya ce, “Alhaji, ƙanena bai yi barci ba. Ni na cire abin da ban sani ba na jefar. Da wani ne ke riƙe da ita ran nan, da ba buhu biyu kaɗai za a yi asara ba.”

Alhaji ya dube shi ya ce, “Kai da bakinka, makaniki?”

Ya ce, “Ni da bakina.”

Alhaji ya juyo ya ce mini in je in yi lodi, gobe Tebaram. Motocinsa kuwa ba su sake shiga garejin Yaya ba sai bayan damina biyu, kuma mutum biyu daga cikin na kan bencin sun bi sahunsa.

A hanyar komawa na yi ta shirya abin da zan ce masa. Shi kuma yana ta ba ni labarin wani injin niƙa da aka kawo masa daga Kalfu, wai mai shi ya zuba masa man gyaɗa. Muka kai mararraba ban ce komai ba. Ya ce, “Je ka yi lodinka, rana na yi.” Ya bi hanyar gareji, na bi ta siton Alhaji.

Mun ƙara shekaru masu yawa a gida ɗaya, mun aurar da 'ya'ya, mun binne Inna tare. Maganar ba ta sake tasowa ba, ni kuma ban tayar da ita ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.