Tafkinmu a Ƙarƙashin Tsuntsaye

Ni masunci ne, ban yi boko ba. Tafkin da na gada yana gab da gandun tsuntsaye na Baturiya. Cikin gandu an hana kamun kifi. A tafkinmu ba a hana ba, kuma da shi nake ci da gida.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in aka kira ni wani ofis a Haɗeja in faɗi sunayen kifi. Na tarar da wata malama, Kirista 'yar kudancin Kaduna, gaban kwamfuta. Ta ce shafi take haɗawa a kan fadamarmu, za a ɗora shi a intanet, har Turai a karanta.

Na ga wani rubutu ƙato, wani ƙarami. Na tambaya.

"Kanun rubutu ne, Baba. Ina sa wa kowanne alama da lamba. Na ɗaya shi ne babba, na biyu yana ƙarƙashinsa, na uku yana ƙarƙashin na biyu."

"Sarki, hakimi, dagaci ke nan."

Ta yi dariya. "Ashe ka iya aikin."

"To karanto min, in ji wa ke mulkin wa."

Ta karanto. Na ɗaya, Fadama. Na biyu, Gandun Tsuntsaye. A ƙarƙashinsa, na uku, sai ga sunan tafkinmu.

Na ce, "Malama, kin ba agwagwa gadona."

"Haba Baba, ni da idona na gani, ruwan a haɗe yake."

"Yaushe kika je?"

"Watan Agusta."

Lokacin ambaliya ke nan, ruwa ya shafe kowace iyaka. Da rani akwai tudu tsakaninmu da gandu, har shanu na kwana a kai. Na san halin rubutu. Yau yana cikin kwamfuta, gobe mai gadin daji ya zo da shi a takarda ya kwashe mana komar kamun kifi.

"Shafi ne kawai," in ji ta.

"Ki zo bayan kaka."

Ta zo. Ta taka tudun da ƙafarta, ƙaya ta cika mata zane, ta ci gasasshiyar tarwaɗa biyu tana cewa ta ƙoshi tun ta farko. Da na koma ofis ta buɗe sabon kai mai lamba biyu, Tafkunan Masunta, kafaɗa da kafaɗa da na gandu. Ta mayar da namu ƙarƙashinsa. Na sa ta karanta sau biyu.

Ban san ko wani ya taɓa duba shafin ba. Ranin nan mun yi su har ruwa ya koma taɓo, ba wanda ya taɓa mana koma.